Ƙwarin Mashegu da na Ibeto

Kontagora, 21 ga Yuni, 1953

Zuwa ga matata Rachel,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Helen da abin da ke cikinki. Yaya Baba da Inna? Ƙafar Baba ta bar shi ya fita gona kuwa? Ni ina nan lafiya, sai kewarku.

Kin ji ni shiru mako uku, ga dalili. An cire ni daga ayarin masu binciken ciwon barci, amma kada hankalinki ya tashi, ba laifi na yi ba. Wani Bature ne ya zo daga Ingila, Mista Alden, ya sauka a bariki, ya roƙi Likita aron mutum ɗaya wanda ya iya aiki da madubin likita kuma hannunsa ba ya rawa. Likita ya ce ni. Mutanen gari har sun sa wa Baturen suna Maiƙwari, domin ba abin da ya kawo shi ƙasar nan sai ƙwari.

Kin san su ma. Waɗannan masu launin manja da baƙi a ƙarshen fiffike, da ke taruwa a kan furanni da damina, waɗanda ko kaza ba ta tsinta. In kika ɗaga fiffikensu a rana za ki ga zane kamar saƙar raga. Namijin fiffikensa faffaɗa ne, macen siririya. Aikina in kamo su, in sa kowanne a 'yar takarda a naɗe, in rubuta wuri da rana a bayanta.

Ga babban labari. Maiƙwari ya ce in na yi masa aiki mai kyau zai rubuta wa Likita a tura ni makarantar ma'aikatan asibiti ta Kaduna da za a buɗe ɗiba a watan Oktoba. Shekara biyu ne, kuma ana ba mai iyali ɗaki. Rachel, ki duba, mu zauna wuri ɗaya, ba ni a nan ke a Dukku ba! Kada ki faɗa wa Inna tukuna.

Na yi kwana shida a Ibeto ina kamu a bakin gonaki, na dawo na kwana ɗaya, na wuce kurmin Mashegu. A hanyar dawowa wani rafi ya cika, na faɗa ciki da keke da kaya. Ba abin da ya same ni sai ƙujewa a gwiwa. Kayan ma na tsince su duka.

Na ba Maikuɗi direba sabulu da yadi biyu ya kawo miki ranar kasuwar Rijau. Ki gaida kowa da kowa.

Ni ne mijinki,
Sati

Kontagora, 19 ga Yuli, 1953

Zuwa ga Rachel, uwar Helen,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Takardarki ta zo, na karanta ta sau uku. Na gode Allah da ciwon bayan ya yi sauƙi. Ki rage zuwa rafi, ki bar wa ƙannena ɗibar ruwa, ba rashin kunya ba ne.

Kin tambaye ni me ake yi da ƙwarin bayan an kama. Na daɗe riƙe da alƙalami kafin in amsa, domin abin da kunya. Ashe ƙwarin nan ba iri ɗaya ba ne. Zuriya biyu ce, 'yan'uwan juna, kuma a ido ba ka raba su: launi ɗaya, girma ɗaya, ragar fiffike ɗaya. Ba a gane su sai ta jikin namiji. Ana jiƙa shi a ruwan ɗumi ya yi laushi, a sa allura a buɗe ƙarshen cikinsa, a zaro gabansa. Ki gafarce ni, ba ni da wata kalmar. Abin bai fi ƙwayar gero ba. A wanke shi a ruwan magani, a ɗora a gilashi, a duba. Na wasu a miƙe yake da ƙayoyi biyu a kai. Na wasu a lanƙwashe kamar lauje, sumul, ba ƙaya. Ni da Maiƙwari muna ce musu masu ƙaya da masu lauje. Matan kuwa ba wata alama a jikinsu, sai dai a bi wurin da aka kama su.

Ranar farko na lalata guda huɗu cikin nasa da ya ba ni in koya da su. Yanzu ina yin ashirin kafin azahar, ba na ɓata ko ɗaya. Maiƙwari ya ce hannuna ya fi nasa. Malam Mahmudu, wanda ya koya mini madubi a asibiti, ya zo ya leƙa, ya yi dariya har da hawaye, ya ce shekara goma yana neman ciwon barci a jinin mutane, ni kuma ga inda ilmi ya kai ni.

Akwai wani abu kuma. Malamin Maiƙwari a Ingila ya taɓa rubuta cewa masu ƙaya a kurmi mai laima kaɗai suke zama, masu lauje kuma a fili, ba sa haɗuwa. To, da muka buɗe mazan da ke akwatin Mashegu sai ga iri biyun a cakuɗe. Akwatin Ibeto ma haka. Rachel, da kin ga Baturen nan. Ya tashi ya zaga tebur sau biyu, ya kama hannuna yana girgizawa. Ya ce malaminsa ya yi kuskure, kuma mu ne muka gano. Ya fara rubuta babbar takarda da zai aika a buga, ya ce sunana zai shiga ciki.

Ya kamata in yi murna. Ban san me ke damuna ba kwanan nan. In na zauna sai in ji ina son tashi, in na tashi ban san inda za ni ba. Jiya na bi kasuwa daga wannan baki zuwa wancan ban sayi komai ba. Tuwo ma loma uku nake yi in ture. Malam Mahmudu ya ce ko zazzaɓi ne, ya duba jinina, babu komai.

Hutuna na kwana goma yana nan a Agusta kamar yadda na yi miki alkawari. Ki sa ni a addu'a. Ki shafa mini kan Helen.

Naki,
Sati

Kontagora, 2 ga Agusta, 1953

Rachel,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Allah ya sa kuna lafiya. Wannan takardar ki karanta ta ke kaɗai, kada ki ba kowa, ko Fasto.

Na ce miki ban san me ke damuna ba. Ƙarya na yi, na sani.

Tun ranar farko Maiƙwari ya ce in riƙa rubutu a bayan takardun ƙwari da fensir kaɗai, domin fensir ba ya jin ruwa. Ya faɗa ya maimaita. Ni kuwa ina da sabon alƙalamin tawada da yayanki James ya ba ni, ina son a ga rubutuna ya yi kyau. Da shi na rubuta duka. Kuma ƙwarin Ibeto da ya kamata in ajiye a bariki kafin in wuce Mashegu, ban gama naɗe su ba, sai na tafi da su a jaka ɗaya, na ce na ƙarasa a can.

Da na faɗa rafin nan, gwangwanayen ƙwarin biyu, na Ibeto da na Mashegu, suka buɗe. Na bi ruwa ina tsintar takardu, har na tara su duka, ɗari da arba'in da ɗaya. Amma tawadar ta wanke. Kowace takarda ta zama shuɗiya, ba ka karanta ko harafi. Na zauna a zauren wani ƙauye na shanya su. Na san na Ibeto wajen sittin ne, saura na Mashegu, amma wanne ne wanne? Sai na duba launi. Wanda ya ɗan fi duhu na ce na kurmi ne, wanda ya fi haske na ce na gona. Na samu sababbin takardu na rubuta da fensir, na kawo masa kamar ba abin da ya faru.

A lokacin na ɗauka duk iri ɗaya ne, na ce wa zai cutu? Ban san akwai ƙaya da lauje ba. Yanzu kullum na sa ido a madubi, hannuna nake gani yana raba su a zauren nan. Cakuɗar da yake murna da ita, wataƙila ba ta Allah ba ce, tawa ce.

Na ce wataƙila, domin ban tabbata ba. Mai yiwuwa da gaske suna zama tare, rabon da na yi bai canza komai ba. In haka ne, don me zan kashe maganar Kaduna a banza? Sau biyu na je bakin ofishinsa da niyyar faɗa, na tarar yana buga tafireta yana fito, na gaishe shi na juya.

Ga abin da na yanke. Hutun nan da zan zo gida, zan koma Mashegu da Ibeto in kamo sababbi, in duba da kaina. Na gaya wa Maiƙwari Dukku za ni. In wani daga Kontagora ya tambaye ki, ki ce na zo na koma. Na san kin ƙirga kwanakin nan, na san nauyin jikinki ya ƙaru. Ki yi haƙuri, don mu duka nake yi. Gobe da sassafe zan kama hanya.

Mijinki,
Sati

Kontagora, 23 ga Agusta, 1953

Zuwa ga matata Rachel,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ina fata jikinki da sauƙi, Helen kuma ta warke daga tarin. Na dawo na tarar da takardarki a wurin Malam Mahmudu.

Ban taɓa samun takarda mai zafi irin wannan daga hannunki ba. Kin ce ba za ki yi wa kowa ƙarya saboda ni ba. Kin ce Inna ta dafa wake ta ajiye mini har ya lalace, Helen ta yi yini uku a bakin hanya tana duban mota. Kin ce ba don ku na yi ba, don tsoro na yi, kuma yanzu kina tunanin me kuma na iya ɓoye miki tun da na iya kallon mutum wata biyu ina masa murmushi. Na so in yi fushi. Na zaga bayan asibiti na dawo, na sake karantawa, ban samu inda kika yi ƙarya ba.

Ga yadda tafiyar ta kasance. Kwana huɗu na yi a kurmin Mashegu, ruwa na dukana, na kamo maza talatin da ɗaya. Na dawo ta bayan gari don kada a gan ni, na wuce Ibeto, na samu goma sha bakwai. Kowanne da fensir, a gwangwani dabam, na ɗaure bakin da tsumma. Na roƙi Malam Mahmudu madubinsa lokacin da ya tafi sallar azahar, kwana uku ina yi. Bai tambaye ni komai ba, sai dai ya ajiye mini goro a gefen tebur.

Na Mashegu, talatin da ɗayan nan, duk masu ƙaya ne. Na Ibeto duk masu lauje. Ko ɗaya bai ratse ba. Na riƙa fatan in ga guda ɗaya tak da zai cece ni, har na ƙarshe. Malamin nasa na Ingila shi ke da gaskiya.

Ran Litinin na ɗauki gilasan na tafi bariki. Na jera su a teburinsa kafin in buɗe baki, domin na san in na fara da magana zan kauce. Na faɗa masa duka: alƙalamin, rafin, zauren, da ƙaryar zuwa Dukku. Ya zauna ya duba gilasan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki kusan awa, ina tsaye. Fuskarsa ta yi ja har wuya. Da ya gama sai ya ce da Hausarsa mai kaushi, "Faɗawa ruwa ba laifi. Don me ba ka gaya mini ran nan ba?" Na ce tsoro. Ya ce babbar takardar da za a buga ta tafi tun ran Jumma'a da motar wasiƙu zuwa Zungeru, tana cikin jirgin Ikko yanzu.

Ran Jumma'a, Rachel. Ran Jumma'ar nan ina zaune a asibiti da sakamakon Mashegu a hannuna, na riga na gani, na ce bari in gama na Ibeto tukuna.

Ya sa hularsa, ya ce in biyo shi. Muka taka har gidan waya, bai hau motarsa ba. A gabana ya rubuta wayar tangaraho zuwa Ingila cewa a tsayar da takardar, akwai kuskure. Ashe ya riga ya rubuta wa malamin nasa wasiƙa tun watan jiya yana gaya masa ya kama shi da kuskure. Ita wannan ba waya da za ta dawo da ita.

Kwana shida ke nan. Ina zuwa bariki kowace safiya, in gaishe shi, ya amsa, ya ce ba aiki yau. Bai kore ni ba, bai mayar da ni wurin Likita ba. In koma ɗaki, in fito, in je bakin kasuwa, in dawo. Ban san matsayina ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ki gaya wa Baba da Inna gaskiya, yadda kika ga ya dace. Ki ce wa Helen babanta ya yi laifi, zai zo.

Mai neman gafararki,
Sati

Kontagora, 4 ga Oktoba, 1953

Zuwa ga Rachel, uwar Helen da ƙaninta,

Barka da arziki! Barka da sauka lafiya! Maikuɗi ya tsayar da mota a tsakiyar hanya ya ƙwala mini kira, ya ce namiji ne. Na rasa abin yi, na rungume shi a gaban fasinjoji. Allah ya raya mana, ya ƙara miki ƙarfi. Yaya jikin? Yana kama nono sosai? Inna ta ce da wa ya yi kama? Na gode da layi biyun da kika rubuta a ƙasan takardar James. Kin ce in zo, maganar ta wuce. Na san ba ta gama wucewa ba, amma na gode.

Bari in ba ki ƙarshen labarin nan, don kada in zo in cika miki kunne da shi ranar suna.

Bayan kwana tara Maiƙwari ya kira ni. Ya fito da akwatunan biyu ya ce tun da ni na cakuɗa, ni zan raba. Mazan ba su da wuya yanzu: mai ƙaya na Mashegu, mai lauje na Ibeto, a rubuta a ƙasa cewa ta jikinsa aka gane wurin, ba ta takardar asali ba. Saba'in da takwas ne. Goman farko ya karɓi kowanne ya duba bayana. Goma na biyu ya duba uku. Daga nan bai sake tasowa daga kujerarsa ba.

Maganar Kaduna kuwa, babu. Ya rubuta wa Likita, ya kuma karanta mini kafin ya rufe. Ya ce bai taɓa aiki da mai hannu irin nawa ba. Ya ce na yi kuskure na ɓoye wata biyu, sannan na gano da kaina na kawo kaina. Bai rage ba, bai ƙara ba. Likita ya kira ni ya ce wanda za a ba jinin mutane ya duba, a rubuta magani a kan maganarsa, dole a ga halinsa na shekara ɗaya tukuna. Abokin aikina Markus aka tura, ya tafi shekaranjiya. Na raka shi tasha na ɗaukar masa akwati. Ko baɗi za a tuna da ni, ban sani ba. Na koma ayarin ciwon barci, bayan suna za mu fita ƙauyukan Kambari. Ɗakin da na yi miki alkawari, ki yafe mini shi bana.

Saura matan. Sittin da uku ne, kuma su ba abin da za a duba a jikinsu. Ba ni, ba shi, ba malaminsa, ba wanda zai taɓa sanin wacce ce ta kurmi wacce ce ta gona. Na ɗauka zubar da su za a yi. Ya ce a'a, ba a zubarwa, za su tafi Ingila su zauna a akwati tare da sauran, amma kowacce da 'yar takardarta mai faɗin gaskiya. Ya rubuta mini samfuri: ƙasar Kontagora, Yuni 1953, ba a tabbatar da wuri ba, wanda ya kama S. Dukku. Na roƙe shi ko za a cire sunana. Ya ce sunan mai kamu ba ya fita, ko an yi daidai ko ba a yi ba.

Yini biyu na yi ina rubutawa, ƙanana ƙanana, ina soke kowacce a ƙarƙashin ƙwaronta. Ya ce akwatunan can suna daɗewa fiye da mutane, wani zai buɗe bayan shekara ɗari ya karanta. Da na kai ta sittin da uku na miƙa masa akwatin, ya ƙirga, ya rufe, ya miƙo mini hannu muka gaisa. Jiya ya tafi.

Ina zuwa ran Laraba da motar Maikuɗi, in hanyar Rijau ba ta yanke ba. In ta yanke zan tako. Kada a yanka komai sai na iso. Ki gaida Baba da Inna da James, ki ce wa Helen wannan karon ta tsaya a bakin hanya.

Ni ne mijinki,
Sati